Kada Ka Hau Kar Ɗin Yamai da Wannan Numfashin

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da jiki, ina roƙon Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya cika maka lafiyar da ka je nema har Tunus.

Na san za ka yi mamakin samun takarda daga ɗakin da yake kallon naka, tsakaninmu tsakar gida ce kawai da igiyar shanya. Za ka ƙara mamaki da ganin sunanka da rubutun hannuna. Ni ma sai da na ajiye bik ɗin da nake rubutu da shi na sake ɗauka. Shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal na rubuta Lawali a allo ba adadi, amma duk na ƴaƴan mutane ne. Kai ɗan fari ne, ana yaye ka aka miƙa wa kakarka Inna a Mirriya, ka tashi kana ce mata Inna kana ce mini Yaya, ni kuma in zancenka ya kama sai in ce "na wajen Inna". Haka na tarar ana yi, haka na yi, har dangi suka riƙa ba da misali da kunyata. Yau dai su nemi wata su yi misalin da ita.

Ina rubuta wannan ne bayan ka hau babur ɗin kabu-kabu ka tafi tasha yankar tike. Ka gaya wa ƙanwarka Hadiza cewa konjenka, hutun da aka ba ka, ya ƙare, shef ɗinku ya fara kira, gobe za ka hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, in ka isa sai ka ga lokotoro a can. To, abin da ya sa na ɗauki bik ke nan. Kada ka hau. Numfashinka ba daidai yake ba, kuma tsoro nake ji.

Kana tsammanin ba na gani saboda ba na shiga ɗakinka. Daga bakin murhu babu abin da yake wuce ni. Na ga yadda kake fitowa za ka famfo, ka tsaya a tsakiya ka jingina da iccen bedi, ka ciro salula kamar wani saƙo ya shigo, alhali fuskar wayar baƙa ƙirin take. Na ji yadda kake raba gaisuwa biyu, ka ce "ina" ka haɗiye iska sannan ka ce "kwana". Na ga ka koma salla a zaune, kai da ka miƙe da kanka a satin da ka dawo. Jiya da Hadiza ta kai maka ruwa na leƙo ta bayanta, na ga jijiyar wuyanka tana harbawa kamar maƙogwaron ƙadangare. Duk wannan na gani na ja bakina na yi shiru, wai ni mai kunya.

Bari in jero maka inda na yi kuskure, ko za ka gane dalilin da ya sa bai kamata ka ƙara dogara da shirun gidan nan ba.

Jikin da ka kai wa masu fiɗa su rage, da hannuna a ciki. Tun kana Mirriya, duk lokacin da na so in tambaye ka abin da ke damunka, sai in ɗora tukunya. Ka faɗi jarabawa, na aika dambu. Ka ci, na aika soyayyen nama. Da ka samu aiki a Yamai kilishi da alkaki suka riƙa bin ka a kwali kamar ba a sayar da abinci a can. In ka zo hutu ka ƙara faɗi, matan unguwa su ce "Masha Allahu, na wajen Inna ya zama babban mutum," ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi a ciki. Ban farga ba sai da sukari da tansiyo, wato hawan jini, suka haɗu a kanka, ka kai ba ka iya sunkuyawa ka ɗaura takalmi. Da labari ya zo cewa za a yanke maka wani sashe na tumbi don ka daina cin da yawa, ƙanwar mahaifinka Gwaggo Hajara ta fashe da kuka, tana cewa za a rage wa yaro arzikinsa. Ni ban yi kuka ba, na san wanda ya cika tumbin. Abin da zan ce maka a nan kaɗan ne: kana da ƴar fari kai ma. Ka riƙa kiran sunanta, ka zaunar da ita ka tambaye ta da baki. Kwano ba ya tambayar kowa komai.

Wancan tsohon zance ne. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na kwanakin nan, tun ranar da ka zaɓi ka yi jinya a nan Damagaram saboda matarka Rabi tana fama da goyo. Na ji kana gaya wa Hadiza abin da lokotoron Tunus ya ce: ka riƙa takawa kullum, ka sa doguwar safar nan mai matse ƙafa, ka riƙa yi wa kanka allura a fatar ciki don kada jini ya daskare. Da safe ka fara zagaya lungu a hankali, hannu a kan ciki. Ban kai ga komai ba sai ga maƙwabciya ta shigo tana cewa, "Hajiya, lafiya? Na ga wanda aka yi wa fiɗa yana yawo a rana, ko babu mai kula da shi ne?" Maganar ta soke ni. A wajenmu mai jinya kwanciya yake, a kawo masa ruwa, a kawo masa buta, in an gan shi a tsaye an zagi gidansu. Sai na aika Hadiza ta ce maka Yaya ta ce ka kwanta. Kai kuma da ba ka taɓa samun umarni daga gare ni ba, ka karɓe shi hannu biyu, ka kwanta.

Safar kuwa, ganin zafin da ake yi ya sa na ce a cire a wanke. Aka wanke, na ninke na sa a kwalla, ban mayar ba. Tana nan har yanzu. Da cikinka ya yi tabo baƙi-baƙi saboda allura, Gwaggo ta gani ta yi salati ta ce wannan wace irin azaba ce mutum yake yi wa kansa, ka daina yi, ni kuma na ji sanyi a raina. Ni da na yi shekaru ina ce wa ƴaƴan mutane su bi abin da aka rubuta musu. Saboda haka ka riƙe wannan: abin da wanda ya buɗe cikinka ya gaya maka ya fi abin da muka gada game da jinya. Mu ciwon da muka sani zazzaɓi ne da jego da karaya. Babu kakarmu ko ɗaya da ta taɓa jinyar wanda aka rage wa tumbi.

Sai kuma masu dubiya. Ban hana kowa ba, har fahari na yi da yawan takalma a ƙofar ɗakinka. Daga hantsi har la'asar kana zaune a katifa ka tanƙwashe ƙafa, waɗannan su fita waɗancan su shigo, abokan mahaifinka na kasuwa, mutanen Mirriya, har da fataken Kano da kuka yi hulɗa sau ɗaya. Kowa ya ce "ya jiki?" ka tattaro ɗan numfashin da ya rage maka ka ce "da sauƙi." Kuma ka gaya musu aikin ƙaba aka yi maka, saboda kana jin nauyin a ce ƙato kamarka ya je an yanka shi don ya kasa riƙe bakinsa. Sai kowa ya kawo shawarar ƙaba. Aka cika gidan da tuwo da farfesu, kai kuwa cokali biyu na kunu yake ƙosar da kai, su tafi suna cewa jikin nan fa ya zube, anya ba a ɓoye wani abu ba?

Lawali, ba sata ka yi ba. Magani ka nema, kuma ka yi ƙarfin hali da yawancin masu yi maka kallon tausayi ba za su iya ba. Ban ce ka yi shela a kasuwa ba. Amma ƙaryar ƙabar nan ta tsaya a ƙofar ɗaki, kada ta bi ka gaban ma'aikacin lafiya. Shi kuma "da sauƙi" gaisuwa ce, ka ba wa mai gaisuwa. Ni kaina in na aika a tambaye ka, ita nake jira in ji, kuma ita ake kawo mini, sai in koma bakin murhu hankalina kwance.

Da ƙwabrinka na hagu ya kumbura ya yi zafi, na ce sanyin kwanciya ne. Na dafa ruwa, na ba Hadiza tsumma da man kaɗanya na ce ta gasa maka ta murza da kyau. Ta yi iya ƙarfinta, baiwar Allah. Bayan nan ne numfashin ya fara sarƙewa. Shi ma na samo masa dalili, na ce turaren wuta ne. Ka san gidan nan, tun ina amarya rana ba ta taɓa faɗuwa ban sa garwashi a kasko ba. Na kwashe kaskon da kwalaben turaren na kulle a akwati, na ji kamar na yi wata babbar sadaukarwa. Gida ya koma warin hayaƙin murhu, numfashinka kuwa bai dawo ba, sai ma ƙaruwa da abin ya yi.

Za ka iya tuna ƙanwata Zara'u, wadda aka kai aure garin Dogo? Ita ce take goya ka in mun je Mirriya, tunda ni ba dama. Kana ƙarami lokacin. Haihuwarta ta ƙarshe ta zo da gardama aka fiɗe ta a nan birni, aka mayar da ita gida ta kwanta jego. Na je na tarar tana haki, magana ɗaya hutu ɗaya, ƙafarta guda ta yi suntum. Na ce, "Zara'u, ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, Yaya, nauyin ƙirji ne kawai, kin san jego." Na yarda, na dama mata kunun kanwa, na hau mota na dawo. Ba a rufa sati ba ta sunkuya za ta ɗauki jaririn, ta kife a gefen gado. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, kwana ne. Amma ba mu taɓa tambayar ta wace ƙofa ya shigo ba. Ban san ƙofar ba sai yau da safe.

Yau ce ranar da nake zuwa awon tansiyona. Da lokotoron ta gama ɗaura mini abin awo, wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Hadiza ba, na ce mata ina da tambaya game da ɗan wata maƙwabciyata. Ka ji fa, ko a can ban iya cewa ɗana ba. Na ba ta labarin duka, aikin tumbi, kwanciya, allurar da aka bari, ƙafa, haki. Tun ina tsakiya ta ajiye bik ɗinta.

Ta ce, "Hajiya, yana ina yanzu?"

Na ce, "Yana gida. Gobe ma zai hau kar ya tafi Yamai."

Ta ce, "Kar? Wuni guda a zaune ƙafa a lanƙwashe? Hajiya, ki saurare ni da kyau. Mutum in an yi mishi aiki irin wannan ya kwanta bai motsi, jini yana iya curewa a jijiyar ƙafa. In gudan ya ɓalle sai ya bi jini ya je ya toshe huhu. Ko kuma ɗinkin ciki ne yake yoyo, shi ma yana kawo haki da bugun zuciya. Daga nan ban iya sanin wanne ne, sai an sa shi a na'urar eskane. Amma ko wanne ne, ba abin jira ba ne. Kuma dan Allah kada wanda ya matsa mishi ƙafar nan."

Na ce, "An riga an matsa."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "To, a kawo shi irjans, sashen gaggawa, yau. Ban ce gobe ba, Hajiya. Yau."

Na miƙe. Ina bakin ƙofa ta ce, "Allah ya ba ɗan naki lafiya." Ban juya ba.

Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa maka. Na shigo gida ban ko cire hijabi ba na tsaya a ƙofar ɗakinka, wurin da ban taɓa tsayawa ba. Ka ɗago kai da mamaki. Ka san abin da ya fito daga bakina? "An ci abinci?" Ka ce, "Sa ba, lafiya lau, Yaya, na sha kunu." Na juya na tafi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina jin haushin kaina kamar in mari fuskata. Na kira Hadiza na aika ta, ina jin ka daga nan kana dariya guntu-guntu, kana cewa, "Kai, Yaya da tsoro! Fatig ce, gajiya kawai, in na je Yamai zan yi kontirol a duba ni." Ko dariyar ba ka iya kai ta ƙarshe ba, tari ya kama ka. Sannan ka sa hula ka fita. Tun da ka fita duk babur ɗin da ya tsaya a lungu sai gabana ya faɗi.

Tunda bakina ya ci amanata, ga hannuna. Ka karanta ka yi abin da zan ce.

Ka ɗauko takardun da aka ba ka a Tunus gaba ɗaya, da kwalin allurar da ka bari, kada ka ɓoye shi don jin kunya. In an tambaye ka, ka faɗi sunan aikin da aka yi maka yadda yake. Ka ce ka daina allura, ka ce ka yi ta kwanciya, ka ce an gasa ƙafar an murza. In sun yi faɗa ka ce uwarka ce ta sa, ina wurin, zan amsa. Ka gaya musu inda yake soka a ƙirji in ka ja iska, don na ga kana dafe gefen dama kana yi kamar kana gyara riga. Kada ka yi musu irin jarumtar mahaifinka, wanda sai ciwo ya kayar da shi ake sanin yana ciwo.

Ka kira Rabi kafin mu fita, ka gaya mata gaskiya. Na san kana tausayinta, kana cewa ga goyo ga yara kada hankalinta ya tashi. Tashin hankalin da za ta yi a waya yau mai sauƙi ne in aka gwada shi da wanda za ta yi in an tsayar da kar tsakanin Maraɗi da Ƙonni, direba yana lalubar aljihunka yana neman lambar danginka. Na san hanyar nan, akwai wuraren da za a yi tafiya mai nisa babu ko ɗakin shan magani. Ba na son in faɗi wannan, amma tun safe shi nake gani ko na rufe ido ko na buɗe.

Batun biro kuma, wurin aikin naka, ka bar shi. Na yi aikin gwamnati kafin a haifi wasu shef ɗin naku. Ranar da na yi ritaya ko alli bai fita daga hannuna ba aka sa wata a ajina, yara kuma suka tashi suka gaishe ta kamar yadda suke gaishe ni. Kujerarka ba za ta yi kewarka ba. Masu kewarka suna can suna leƙen ƙofa suna tambayar uwarsu yaushe Abba zai dawo, kuma da siririn jikin da ka yi musu alkawari suke jiran ka.

In Allah ya sa aka shawo kan abin, ka dawo gidan nan ka yi jinyarka yadda aka rubuta maka. Ka zagaya lungu safe da yamma, wadda ta ce babu mai kula da kai a turo mini ita. Masu dubiya su gaisa daga tsaye su wuce. Ka riƙa kurɓar ruwanka kaɗan-kaɗan, babu mai ƙara tsaya maka a kai da kwano. Kuma duk ranar da ka koma Yamai, ka zaunar da Rabi ka koya mata alamomin nan, haki, bugun zuciya, kumburin ƙafa, zazzaɓi, domin ta fi ni baki, ba za ta tsaya tana leƙe daga madafa ba. Na ce in Allah ya sa, saboda ban sani ba ko mun makara. Lokotoron ba ta yi mini alkawarin komai ba, ni ma ba zan yi maka ba.

Na aika an gaya wa Alhaji maƙwabcinmu, ya fito da motarsa tana ƙofar gida. Hadiza za ta miƙa maka takardar nan da ka sauko daga babur. Ni ina zaure a zaune da hijabina. Tare za mu tafi, kusa da kai zan zauna, kuma in an tambayi wa ya kawo shi zan buɗe baki in ce ni ce na haife shi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi kowacce nauyi. Duk abin da ka taɓa yi mini a duniya, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, na yafe maka, dama ba ka yi mini komai ba sai alheri. Ban taɓa ɗaga murya a kanka ba, ban taɓa yi wa ɗayanku baki ba. Amma in ka ninke takardar nan ka sa a aljihu, ka wuce ni a zaure, gobe ka hau kar ɗin nan da wannan numfashin, Lawali, ban yafe ba. Na san abin da kalmar take nufi daga bakin uwa, kuma da sanina na rubuta ta. Na gwammace ka tsufa kana jin zafina.

Allah ya buɗe maka ƙirji, ya sassauta abin da ya toshe, ya ba masu duba ka basira. Allah ya tsare ka a gida da hanya, ya mayar da kai ga iyalinka da ƙafafunka. Ya Allah, kada ka bar maganar nan tawa ta samu wurin sauka a kansa.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Mariyama